Gyaran da Ya Hau Jirgi

Ajiye wannan mangwaron, Malam. Ina kallonka lokacin da ka tsince shi a ƙasa, ka goge shi da bakin riga, kana shirin jefa shi cikin kwandon da za a kai wanki. Kada ma ka ce mini guda ɗaya ne, babu maganar da take tafasa mini zuciya kamar wannan. Jawo benci ka zauna in ba ka misali.

An yi wani gari mai lambunan mangwaro, mutanensa sun gaji da ganin amfaninsu yana ruɓewa a bakin titi don rashin mai saye. Ana nan sai wasu 'yan kasuwa na wata ƙasa mai nisa suka ce za su riƙa karɓa, a sa a jirgin sama ya isa kafin ya nuna. Amma da sharaɗi. Da hannu ake tsinka, ba a kaɗowa da gora. Wanda ya taɓa ƙasa ba a ɗauka, domin akwai wani ɗan ƙuda da yake huda ɓawo ya zuba ƙwai a ciki, ido ba ya gani, mutanen can kuwa sun fi tsoron ƙudan nan a kan gobara. A tsoma a ruwan zafi, a tsane a inuwa, a jera a kwali a rufe, daga ɗakin sanyi sai mota mai sanyi, daga mota sai cikin jirgi. Cikin masu lambun akwai wata mata da mijinta ya rasu. Shi ya dasa itatuwan a shekarar da aka ɗaura musu aure, kuma in suna ban ruwa da yamma yakan ce mata wata rana 'ya'yan itacen nan za su je inda su biyu ba su taɓa taka ƙafa ba. Bai ga ranar ba. Ita ta hau tsani da kanta, ta ɗaura wa kowane ɗan mangwaro jakar takarda don kada ƙudan ya taɓa shi, tun yana kamar ƙwan zabo, wata uku tana wannan aiki har kafaɗunta suka daina ɗaguwa. Maƙwabcin lambunta kuwa mutum ne da aka sani a kasuwa da yawan gyara. In ka sayi kashi ɗaya sai ya ɗora maka biyu ko uku daga na tsintuwa, ya ɗaga murya don na kusa su ji. Ranar haɗa kaya matar ta ga aljihunsa ya yi nauyi, ta ce masa don Allah ya bar waɗannan a gida. Ya yi dariya ya ce, “Haba, Hajiya! In aika kaya ƙasar mutane babu gyara, a ce garinmu marowata ne? Wanda muka ci tun muna yara wa ya kashe?” Da aka fita sallar azahar sai ya koma, ya ɗaga murfin kwalinsa, ya cusa guda biyu a kusurwa, ya mayar da murfi.

Mota ta ɗauki kaya, jirgi ya tashi, gari ya cika da murna, har yara suna nuna kowane jirgi da ya gifta suna cewa ga namu can. A can ƙasar, ma'aikacin da yake duba kayan gona ya zaro kwalaye kaɗan daga cikin ɗaruruwa, ya sa wuƙa. Na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku ya ga ƙananan guda biyu da ba su yi kama da sauran ba, ya tsaga ɗaya, sai ga farar tsutsa tana motsi a jikin ƙwallo. Bai tambayi na wane ne ba. Me ya dame shi da na wane ne? Sunan gari ɗaya ne a takarda. Aka kwashe kayan gaba ɗaya aka ƙone, har da na matar nan da ƙuda bai taɓa sauka a kansu ba, aka kuma aiko cewa kada garin ya sake turo ko guda. Da shekara ta zagayo itatuwanta suka yi 'ya'ya fiye da kowane lokaci, rassa har suna taɓo ƙasa. Ba ta hau tsani ba. Ta shimfiɗa tabarma a gindin wanda mijinta ya fara dasawa, tana jin su suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, awaki suna ci suna bari. Maƙwabcin nata kuwa, abin da ya fi ci mini rai ke nan, bai ko sunkuyar da kai ba. Yana yawo majalisa majalisa yana cewa shi alheri ya yi niyya, kuma biyu ne fa kacal. Alherin da aka roƙe ka da Allah ka bari ka ƙi! Ba mai saye ya yi wa gyara ba, sunansa ya yi wa, gari ya biya.

To, ka dubi kwandunan nan, Malam. Gumin gida arba'in ne a ciki, kuma suna ɗaya za a rubuta mana a takarda. Wannan na hannunka, in yunwa kake ji ka yanka ka ci, in ka tarar da baƙo a ciki kai ka sani. Amma kwando ba zai shiga ba ina raye. Ba banza ba magabata suka ce wake ɗaya shi ke ɓata gari.