Notin Giyar Motar Baba

Ran nan da la'asar Baba yana kwance ƙarƙashin tsohuwar bas ɗinsa a ƙofar gidanmu a Dayi. Da ita yake kai manoma da masararsu kasuwar Funtuwa. Man giya yake son canzawa, amma notin da ake kwancewa a tsiyaye man ya cije da tsatsa. Ya ɗiga masa kananzir, ya ƙwanƙwasa shi da guduma, ya zura fayif a jikin sifana. Ina jin nishinsa, notin ko motsi.

Can ya ce, "Uwata, shigo ki kama mini."

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Na rarrafa na kwanta kusa da shi, warin tsohon mai ya cika mini hanci. Na kama fayif ɗin da hannu biyu na ja. Sai ga noti ya juya, mai ya fara ɗiga cikin kwano.

Na yi ihun murna. Shi kuwa sai ya ɗaga hannunsa na dama yana kallo, yatsun suna karkarwa, sun ƙi dunƙulewa.

A hankali ya ce, "Ai ni na sassauta miki shi."

"A'a Baba, na dai fi ka ƙarfi!"

Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Haka ne, Uwata."

Kafin kaka hannun ya shanye, bai ƙara tuƙi ba har ya rasu. Sai yanzu da na kai shekarunsa na gane da ƙyar amsar nan ta fito daga bakinsa.