Kwaɗon Latas Irin Na Gaya

Saura kwana tara bikinsu, Almustapha ya tarar da Shamsiyya tana yanka latas na abincin dare. Za ta jiƙa ƙuli-ƙuli ke nan ya ce, "Kar ki jiƙa. Marmasa shi bisa, ya yi ƙaras-ƙaras."

Wuƙar ta tsaya cak. Shekara uku yana cin kwaɗonta jiƙaƙƙe har da siɗe yatsa, sai yanzu da sana'arsa ta kabu-kabun babur ke ƙetarar da shi gadar kan iyaka daga garinsu Malanville zuwa Gaya.

"Yaya Almustapha, wa ta koya maka?"

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur.

Ta tuttula wa ƙuli-ƙulin ruwa, ta kwaɗa, ta tura masa kwanon.

"Nan Malanville haka muke yi. Ci, ko ka kama hanyar gada."