Mabuɗin da Bai Gogu Ba

Tasalla aminiyata, kin ce ɗanki ya samu aikin kwamfuta a Kaduna, Allah ya sa albarka. To ga wani misali, ki riƙe masa.

An yi wani mai rubuta manhaja, shi da abokan aikinsa suna yi wa wani ɗakin gwajin jini aiki. Tsarinsu shi ne, duk wanda ya gama rubutunsa sai ya zuba a rumbu guda, wani inji ya ɗauka ya gwada, kamar yadda ake tankaɗe gari kafin a kai tukunya. In ya wuce, sai ya isa ga jama'a. Injin nan ba ya shiga ma'ajiyar bayanan ɗakin gwajin sai da mabuɗi, wato wata doguwar kalmar sirri. Ƙa'idarsu kuwa, ba a sa mabuɗin a cikin rubutu. Akwai akwatinsa daban a jikin injin. Rubutu sunan mabuɗin kawai yake kira, injin ya ɗauko, ya buɗe, ya mayar, ido bai gani ba. Ran nan inji ya ƙi aikin mutumin, ya ce babu mabuɗi da wannan suna. Babbansu mai riƙon akwatin ya tafi ta'aziyya ƙauye, waya ba ta shiga, ga masu ɗakin gwajin suna ta kira. Shi kuma an taɓa ba shi mabuɗin a kan amana. Sai ya ce a ransa, na yau kaɗai. Ya kwafa ya liƙa a tsakiyar rubutun. Inji ya karɓa, aka yaba masa da zafin nama. Washegari bayan asuba ya goge, ya sauke ajiyar zuciya.

Abin da ya sani sarai amma ya kawar da kai, rumbun nan ba ya mantuwa. An gina shi ne don ya ajiye kowane tsohon rubutu, har da wanda aka goge, kuma nasu a buɗe yake, kowa na iya leƙawa. Magani ɗaya ne: ya je ya ce na yi kuskure, a kashe wannan mabuɗi a yanka sabo. Kunya ta hana shi. Kullum ya yi niyya sai ya ce gobe. Ashe akwai masu bin rumbunan mutane suna tona tsofaffin rubutu, kamar kaji a juji. Suka tsinta. Ba su fasa ƙofa ba, da mabuɗi suka shiga. Kafin watan ya mutu sakamakon jinin mutane yana yawo a wayoyi, da suna da unguwa. An fasa wani aure da aka riga aka raba goronsa. Wani dattijo ya daina zuwa sahun gaba a masallaci. Babbansu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Haba ɗan'uwa. Da ka faɗa, kafin shayi ya huce mun canza shi." Aka karɓe masa aiki, kuma a sana'arsu wanda aka sani da sakin mabuɗi ba a sake ba shi wani. Yanzu yana ɗaki, labule a sake. Uwarsa ta kai tuwo, ta je ta ɗauko shi yadda ta kai, ta koma kan dardumarta.

Ya goge, Tasalla, wallahi ya goge. Amma Hausawa sun riga sun faɗa: magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Ki ba ɗanki misalin, ban da inda kika ji shi. Ki rufa min asiri don Allah, ko maigidanki kada ya ji.