Askari a Zauren Malam

Malam na tsakiyar labarin ɗan sarkin da ya yi wa ubansa tawaye, sai wani askarin fada ya shigo zauren, ya zauna a bakin ƙofa da takobi a kan cinya.

Ni ke jan baki ranar. Sharhin da ke gefen littafin daga Attaura ya ɗauko labarin. A Makka kuwa, a wannan shekarar da aka murƙushe 'yan tawaye, ko kalmar tawaye ba a furtawa a kasuwa. Mu dai a Tandabawi, unguwarmu ta Hausawan Makka, mun ɗauka Hausa ta ishe mu katanga.

"Ci gaba," in ji Malam.

Na karanta, ya fassara: yadda ɗan ya janye zukatan jama'a, uban ya bar garinsa ba takalmi, aka kashe yaron, sarki ya rufe fuska yana kuka. Ɗalibai suka dinga sulalewa har ya rage mu uku.

Askarin ya miƙe, ya tsaya a kan Malam. Sai a lokacin na ga tsagar Gobirawa a kumatunsa.

"Baba," ya ce, da Hausa irin ta ƙaramin yaro, "da gaske uban ya yi kuka?"

"Haka aka ruwaito."

Askarin ya dubi littafin, ya ce:

"Ni ban yi wa nawa komai ba. Ina shekara bakwai ya sayar da ni a Jidda, ya shiga jirgi."