Haske a Bayansa

Mai hoton tana goge gilashin kyamararta sai ga tsohon saurayinta a ƙofar shago, wanda ya fasa aurenta ana saura ƙiris.

"Ki yafe mini," ya ce, yana murza hularsa. "Aurenki nake so."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ja kujera gaban taga. "Zauna nan."

"Haba, ai hasken yana bayana. Ni na koya miki, a fuska ake son haske."

"Ban manta ba. Kar ka motsa."

Ta ɗauka, ta juyo masa da kyamarar. Taga ta fito tas, har zanen labule. Shi kuwa baƙi ƙirin, ba ido ba baki.

"Haka nake ganinka yanzu," ta ce. "Guda nawa zan wanke maka?"