Injin Fatsar Baba

Yau ma tsohon masuncin ya dawo, ya dire injin naɗe zaren fatsarsa a teburin mai gyara.

"Har yanzu yana cijewa, ɗana. Kifi ya kama, in zo ja, sai ya ƙi juyawa. Na gaji da yawon shaguna."

Mai gyara ya sauke numfashi. Ya riga ya wanke haƙoran injin, ya sa giris, har abin da bai lalace ba ya canja. Da ya murza mariƙin, sai ya juya sumul. Ya miƙa masa, yana shirin cewa ya gwada wani wurin.

Nan ya lura da hannun daman tsohon. Yatsun suna rawa, sun kasa damƙe mariƙin. Tsohon ya yi saurin cusa hannun cikin aljihu.

Mai gyara ya karɓi injin, ya kwance mariƙin, ya mayar da shi ɓangaren hagu.

"Gwada yanzu, Baba."

Zare ya naɗu lafiya lau. Tsohon ya daɗe yana murzawa, bai ɗago kai ba.

"Ai na faɗa maka injin ne."

"Injin ne, Baba."