Kalmar Sirrin Mijina

"Wa ya sa ka?" na tambayi ƙanina. Kwamfutar marigayi mijina tana buɗe a kan teburin shagon ƙanin nawa, sai haske take kamar ba ta taɓa sanin kowa ba.

Maɓalli ɗaya ne ya maƙale, na kawo masa ya gyara. Shi kuwa sarkin iyawa, da ya ji faifan ajiyarta yana ƙara, sai ya cire shi, ya sa sabo, ya ɗora manhaja tun daga tushe.

"Yaya, taimakonki na yi. Wata takwas ina ganinki kina fama da kalmar sirri. Yanzu ba abin da zai tare ki."

"Ina tsohon?"

"Na fasa shi da guduma. Haka muke yi, don kada sirrin mutane ya fita."

Ga gudumar nan kusa da hannuna. Allah ne kaɗai ya sa ban ɗauka ba.

Na san kalmar sirrin sarai, ni na zaɓa wa mijina ita. Da gangan nake rubuta ta ba daidai ba kowace safiya, don kwamfutar ta nuno mini 'yar tunatarwar da ya ajiye wa kansa a ƙarƙashin akwatin rubuta kalmar: "Tambayi sarauniya, ba ta mantuwa."

Ƙanina ya juyo mini da allon yana murmushi.

"Saura abu ɗaya, Yaya. Tana tambayar sunan mai ita."